Surukina da Giyar Ruhubanawa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Surukina ya riga mu tafiya ranar wata Alhamis da hantsi, a wani asibiti cikin Kuala Lumpur, ɗansa na riƙe da hannunsa. Kafin a kira azahar gidanmu na unguwar Setapak ya cika. Gidan haya ne a hawa na tara, ɗaki uku da ɗan falo, don haka takalma suka yi layi tun daga ƙofarmu har bakin lif. Matan ɗalibai da na malaman jami'a suka zazzauna a ƙasa, kowace da carbi ko waya a hannu. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Malay da duk benen ke kira Mak Cik, ta shigo da tukunyar shinkafa ta ajiye, ta riƙe kafaɗata tana cewa, "Sabar, sabar," wato haƙuri. Ita ta fi kowa kuka a ranar, alhali ba ta jin Hausarsa, shi ma Malay ɗinsa bai wuce na gaisuwa da sayen burodi ba.

Ba kowa ne ya zauna ba. Na lura da waɗanda suka tsaya daga bakin ƙofa, suka ce, "Allah ya jiƙan musulmi," suka juya. Ba su ce Allah ya jiƙansa ba. Na ji bambancin, na yi kamar ban ji ba.

Da falo ya kasa ɗaukar mutane sai na buɗe ɗakin Baba, haka muke kiransa, don mata su yi salla a ciki. Na manta da hoton da ke kan teburinsa, wanda maigidana ya sha ce min in ɗauke duk ranar da za a yi baƙi. Tsohon hoto ne, fari da baƙi. Baba yana saurayi, siriri, tsaye tsakanin Turawa biyu masu dogayen riguna, bayansu wata ƙatuwar tukunyar jan ƙarfe. Ya ɗaga kofin gilashi yana duba abin da ke ciki a hasken taga. Wata ta ɗauki hoton da wayarta. Har yau ban san wace ce ba, kuma na daina son in sani.

Da la'asar maigidana ya kira ni daga asibiti.

"Ba za su ba mu shi yau ba."

Fasfo ɗin Baba na ɗauke da sunan da Fadan mishan ya raɗa masa yana yaro, sunan Kirista. Ma'aikatan ba su wulaƙanta kowa ba. Sun dai ce baƙo mai irin wannan suna ba a kai shi maƙabartar musulmi sai da takarda daga ƙungiyar 'yan ƙasarsa, da sa hannun limaminsu. In ba a kawo ta kafin tsakar ranar Juma'a ba, ofis zai rufe, gawa ta zauna a firiji har Litinin. Limamin namu kuwa ɗalibi ne mai neman digiri na uku, ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda muke kira Malam. Shekara biyu ke nan ba abin da ke haɗa shi da Baba sai sallama.

Kafin magariba hoton ya shiga guruf ɗin waya na 'yan Arewa mazauna garin, wani ya ƙara da maganar sunan fasfo. Wata ta rubuta, "Ashe ma bai taɓa musulunta ba?" Ta goge, amma an riga an gani.

Dalilin rubutun nan ke nan. Ba na so jikokinsa su girma su tarar da hoto ɗaya da tsegumin da aka ɗora masa, su ɗauka shi ne kakansu.

Shekara huɗu Baba ya yi a hannuna. Farfesa ne mai ritaya, fanninsa kimiyyar abinci. Ya zo ganin likitan zuciya bayan rasuwar uwar maigidana, likita ya hana shi doguwar tafiya a jirgi, ya zauna. Watannin farko durƙusawa kawai nake in gaishe shi in tashi, ba na iya haɗa ido da shi. Kunun zaki ne ya rage kunyar. Na haɗa shi na bari a kicin, na manta cewa zafin garin nan da damshinsa ba sa barin komai ya kwana lafiya. Baba ya fito zai sauka surau, ɗan masallacin da ke ƙasan benenmu, ya tsaya a ƙofar kicin ya ja numfashi.

"Ɗiyata, kunun nan ya fara magana. In kika bar shi zuwa jibi warhaka, ba na yara ba ne."

Ban gane ba. Sai ga suruki a cikin kicin ɗina, ya ɗaga murfi yana nuna min 'yan kumfa da ke tasowa a gefen bokiti. Ya ce wasu halittu ne da ido ba ya gani, irin yis ɗin da ake sa wa burodi, suna cinye zaƙin suna mayar da shi barasa. Daga ranar hancinsa ya zama alƙalin kicin ɗina. Zoɓo, fura, ƙullun waina, duk sai ya shinshina ya faɗi kwanakinsu, bai taɓa kuskure ba.

Yana da wasu halaye da na ɗauka na tsufa ne. Ba ya magana a kan abinci. In yana son gishiri sai ya murza yatsu biyu, in ya ƙoshi ya kifa tafin hannu, har yarana suka koya suna yi wa juna. In aka kira salla, ko yana tsakiyar magana ne, nan zai yanke ya miƙe, ya bar shayi ya huce. Sannan duk farkon wata yana rubuta wasiƙa da hannu, ya sa hularsa, ya taka da kansa zuwa gidan waya.

Labarinsa a gutsure ya ba ni, yau kaɗan gobe kaɗan, da safe in yara sun tafi makaranta. An haife shi a wani ƙauyen Maguzawa a kudancin Kano. Mahaifiyarsa burukutu take dafawa, da shi ta raine su. Ya tashi yana ganin ana jiƙa dawa, a rufe ta da ganye har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a ɗora manyan tukwane. Wani Fada Bature ya sa shi a makarantar mishan, da ya ga kansa na ja ya nemo masa karatu a Beljiyam. Sanyin farko ya kama masa huhu. Ba shi da kowa a ƙasar, sai aka kai shi wani gidan ruhubanawa a bayan gari, wato Kiristocin da suka bar aure da dukiya suka killace kansu don ibada. Wani rahibi da ya girme shi da kamar shekara goma ya yi wata uku yana jinyarsa, yana ba shi miya a baki, yana wanke abin da ya amayar.

"Da na warke na ce me zan yi musu. Suka ce me na iya? Na ce a gidan giya aka haife ni. Ɗiyata, ranar na fara ganin rahibi yana dariya har da riƙe ciki."

Ashe gidan da giya yake rayuwa, tun zamanin da ba wanda ya tuna. Baba ya ce iri biyu suke yi. Akwai mara ƙarfi da suke sha da abincin rana, akwai kuma baƙa mai kauri wadda ƙarfinta ya ninka na giyar kasuwa, kwalba ɗaya ta isa ta zaunar da ƙato. Ita suke sayarwa su gyara rufin gida su ci abinci, abin da ya ragu su bai wa mabukata. 'Yan kasuwa kan zo suna roƙon a ƙara tukwane, su ce a'a, ba don giya suka shigo gidan ba. Sha'ir suke tsirarwa a maimakon dawa, su zuba wani fure mai ɗaci, ruwa daga rijiyarsu, dusar a ba shanu a yi cuku da nononsu. In an ɗura a kwalba sai a ƙara ɗan sukari da yis a toshe, a jera a ɗaki mai ɗumi na makonni, ta ci gaba da nuna a cikin kwalbar. Rahibin da ya yi jinyarsa shi ke kula da yis ɗin gidan, shi ya fara ɗora idon Baba a kan madubin ƙara girma. Ba a surutu a wurin aiki, da hannu ake magana. Kuma in ƙararrawa ta kaɗa, ko tukunya na tafasa, sai a rage wuta a tafi addu'a.

Na daɗe ina juya tambayar kafin na yi ta. "Baba, ku kun sha?"

"Na sha mana. Akwai mai girkin da ba ya ɗanɗanawa? A lokacin ban san Allah ya hana ba. Da na sani na bari, ban kuma waiwaya ba."

Ya dawo gida kamfanonin giya na rububinsa. Ya kama haya a gidan wani tela a Zariya, mutumin da in aka kira salla yake ɗage ƙafa daga kan keke ko da allura na tsakiyar riga. Baba ya ce abin ya tsaya masa a rai. Ya fara bin telan da tambayoyi, shekara ba ta zagayo ba ya karɓi kalmar shahada a hannun limamin unguwa, ya mayar wa kamfani takardar aikinsu. A wancan lokaci ba wanda ke ba da takardar musulunta, sunan da ke kan takardun karatunsa kuwa ya bar shi yadda yake. Ya rubuta wa rahibin ya faɗa masa, yana jiran a yanke shi. Amsa ta zo bayan wata biyu, layi kaɗan. Yana tambaya ko yana yin sallolin a kan lokaci, da ko huhun ya daina damunsa. Daga nan wasiƙa ba ta ƙara yankewa a tsakaninsu ba.

Rigimarsa da Malam a wata ƙaramar Salla ta faru. 'Yan Arewa mun haɗu a wata rumfar abinci a Kampung Baru, maza a tebur ɗinsu mata a nasu. Mak Cik ta ba ni tapai in kai, wato shinkafa mai danƙo da ake ƙunshewa a ganye ta kwana biyu har ta yi zaƙi da ɗan tsami. Wata ta ɗanɗana ta ce tana jin warin giya. Aka miƙa wa Malam tambaya. Yana cikin cewa abin da ke da shakka gara a bar shi, Baba ya ɗauki ƙunshi ɗaya ya shinshina, ya ce wannan kwanansa biyu, ko yaro ya ci ba abin da zai ji, amma in ya kai kwana biyar kada a ba kowa ruwan da ke taruwa a ƙasansa.

"Farfesa, a littafi kuka karanta wannan?" in ji Malam, yana murmushi.

"A'a. Shekara uku na yi ina dafa giya a gidan ruhubanawa."

Cokula suka tsaya. Na hango maigidana ya sunkuyar da kai kamar an zuba masa ruwan zafi a wuya. Malam ya ajiye kofinsa. Kada a ɗauka mutumin banza ne. Yana da karatu, yana tsoron Allah, shi ke ɗaukar mota ya kai matar kowa asibiti in miji ba ya nan. Ya ce, a hankali, an la'anci mai yin ta da mai ɗaukarta da mai sayar da ita.

"Na sani, ɗana. Kai ma ka san Musulunci yana shafe abin da ya gabace shi."

"Haka ne. To su fa? Har yanzu suna dafawa. Kun barranta da su?"

"Abin da suke dafawa haramun ne, na rubuta wa abokina haka ba sau ɗaya ba. Amma mutumin da ya wanke min amai ba zan tsine masa don in samu kujera a tebur ɗin nan ba. Kuma in gaya maka gaskiya, a wurinsu na fara koyon ajiye aiki in lokacin Allah ya yi."

Ta ƙarshen nan ce ta ɓata komai. Wani ya yi a'uziyya da ƙarfi. Malam ya miƙe ya ce ba ya jayayya da sa'an ubansa, ya fita, mutum biyar suka bi shi. Daga ranar aka daina ba Baba buɗe taro da addu'a. Iyaye biyu suka janye 'ya'yansu daga karatun lissafin da yake yi wa yara ranar Asabar. Shi kuwa bai canza komai ba. Malam a benenmu yake, kuma don daɗin ƙira'arsa 'yan Malay kan tura shi gaba a sallar asuba. Baba ya ci gaba da sauka, ya ja kujerarsa ta roba zuwa ƙarshen sahu, ya bi shi salla.

A gida ne abin ya fi zafi. Muna shigowa daga Kampung Baru maigidana ya rufe ƙofa, ya yi abin da ban taɓa gani ba, ya ɗaga wa mahaifinsa murya.

"Baba, tun ina firamare ake ce min ɗan arna. Shekara nawa ina rufe maganar nan? Ko iyayen matata ban faɗa wa ba. Ku kuma a gaban kowa, saboda shinkafa!"

Ina tsaye da ledar abincin da muka yo guzurinsa, na rasa inda zan sa kaina. Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Kai ka rufe, ni ban roƙe ka ba. An tambaye ni, na amsa. So kake in yi ƙarya ranar Salla?"

Mako guda ba su ci abinci a kwano ɗaya ba.

Wata rana na raka shi asibiti, da muka fito ya ce mu biya unguwar Bukit Bintang ya sayi takalmi mai taushi. A ƙasan wani babban kanti akwai lungun da aka ware wa kayan da ba na musulmi ba, da allo a rubuce. Muna wucewa Baba ya tsaya cak. Bai tsallaka layin ba. Ya yafito wani ma'aikaci ɗan Sin, ya nuna masa wata gajeriyar kwalba baƙa a saman kanta, ya roƙe shi ya matso da ita ya ɗaga ta a haske. Ga ni da hijabi, ga shi da farin gemu da hula, kuma wurin nan ba a rasa ɗan Arewa mai aiki a shago ko otal. Na fara waige-waige.

"Baba, don Allah mu tafi."

"Dubi gindin kwalbar. Kin ga wancan farin da ya kwanta? Jikokin yis ɗin da na raina ne, sun riga ni zuwa Malesiya." Hannuwansa na bayansa, ya harɗe su, bai taɓa ta ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi wa ma'aikacin godiya, ya ce min, "Mu je, la'asar ta kusa." A cikin jirgin ƙasa leɓɓansa sai motsi suke.

Akwai wani magidanci a cikinmu da zaman ƙasar nan ya yi wa nauyi har ya faɗa shan abin. Mutane suka fara barin gurbi tsakaninsu da shi a sahu. Baba, wanda hancinsa ya riga na kowa sani, ya ja kujerarsa ya cike gurbin. Kullum bayan asuba sai ya ja shi shagon mamak, wato na Indiyawa musulmi, su sha shayi, wata da watanni. Na taɓa tambayarsa me suke tattaunawa. Ya ce, "Ƙwallo." Matar mutumin ce ta gaya min, ranar rasuwa, cewa mijinta ya shekara bai taɓa ba.

Juma'a da safe Malam ya zo da dattawan ƙungiya uku. Suka zauna a falo da maigidana, mu mata muka koma kicin, ƙofa a buɗe. Takardar na kan tebur, an buga ta, saura sa hannu. Ƙarfe tara ta gota. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce mutane na magana, in aka sa hannu gobe ta fito ba haka ba, sunan 'yan Arewa gaba ɗaya ne zai ɓaci a wurin hukuma. Ya ce a kawo takardar musulunta. Maigidana ya ce babu. Aka yi ta juya magana ɗaya har goma ta wuce. Can Malam ya ɗago ya dubi maigidana.

"Dakta, tambaya ɗaya. Bayan abin da ya faru a Kampung Baru, ya yanke hulɗa da mutanen nan kafin ya rasu?"

Daga inda nake ina ganin bayan wuyan maigidana, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ya yanke," ya ce. "Tun tuni. Wasiƙun ma ya ƙone su."

Wasiƙun na nan cikin akwati a ƙarƙashin gadon Baba. Ta ƙarshe da ya rubuta ni na kai masa gidan waya, da ya kasa sauka. A gidan da na tashi mace ba ta tsoma baki in maza na shawara, balle ta ƙaryata mijinta. Na kuma san cewa in na yi magana wataƙila Baba ya kwana uku a firiji saboda ni. Amma na tuna shi da hula a gwiwa, sai na ji ba zan iya bari a kai shi kabari a kan ƙarya ba. Mak Cik, da ba ta jin abin da ake faɗa, ta ga fuskata ta riƙe min hannu.

"Malam, ku yi haƙuri," na ce daga bakin ƙofa. "Bai yanke ba. Wasiƙun na ɗaki. Bai yanke ba, kuma bai fasa salla ba. Ranar Laraba da ƙyar yake ɗaga yatsa, sai da ya sa aka nuna masa alƙibla."

Maigidana bai juyo ba. Dattijon nan ya tafa hannu ya ce, "To, kun dai ji." Wani ya fara neman takalminsa da ido. Malam ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Na san bai yanke ba," ya ce. "Shi ya faɗa min ranar Talata."

Ashe Baba ya aika an kira masa shi asibiti, lokacin da muka dawo gida ɗauko kaya.

"Ya ce min, ɗana, ba yardarka nake nema ba, har gobe ba mu daidaita ba. Amma kai nake so ka wanke ni, don na ga ba ka sassauci a abin da yake na Allah, ba za ka yi min wankan ganin ido ba." Malam ya dubi takardar. "Ban ba shi amsa ba. Na ce zan yi tunani. Na fita na bar tsoho yana jira."

Ya mayar da tabaraunsa.

"Maganata a kan abotarsa tana nan, ban janye ba. Amma shekara huɗu ina jin amin ɗinsa a bayana da asuba. Abin da kunnena ya ji shi zan shaida." Ya jawo takardar ya sa hannu, ya miƙa wa dattijon biro. Dattijon ya kalle shi, ya kalli agogo, ya sa.

Suka fita a guje cikin ruwan sama. Maigidana ya ce ana jan ƙofar ofis suka isa, ma'aikacin ya duba takardar sama da ƙasa ya ce, "Boleh," wato ta yi. Malam ne ya wanke Baba, mijin Mak Cik na zuba masa ruwa. Aka yi masa salla bayan la'asar. 'Yan Malay na benenmu suka cika sahu biyu. Ba zan ce duk namu sun zo ba, don ba su zo ba.

Kwana shida maigidana bai yi min magana ba sai ta dole. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Ranar bakwai da yamma, bayan baƙi sun watse, ya shigo kicin rungume da akwatin wasiƙun.

"Akwai lambar waya a jikinsu?"

Akwai, a saman takardar gidan ruhubanawan. Ya buga, ya buɗe murya don in ji. A can safiya ce. Wani ya ɗauka, maigidana ya yi bayani da Turanci, aka ce mu jira. Muka daɗe muna jin takun sanda na matsowa a kan dutse. Sai wata murya ta tsufa tukuf, mai numfashi sama-sama. Maigidana ya faɗi ko shi ɗan wane ne, ya ce mahaifinsa ya rasu ranar Alhamis, an binne shi a Kuala Lumpur yadda musulmi ke binne nasu.

Sannan tsohon ya yi magana, ba da Turanci ba. Da Hausa ya yi ta, karyayyiya, mai karin ƙauyen kudancin Kano, wadda wani saurayi mara lafiya ya koya masa fiye da shekara hamsin da suka wuce.

"Sannu, ɗana. Ina gajiya?"

Maigidana ya buɗe baki zai ba da amsar da kowa ke bayarwa, ta ƙi fita. Tun ranar Alhamis ban ga hawayensa ba. Ya zame ya zauna a ƙasan kicin, akwatin a cinyarsa, wayar a hannunsa.

"Akwai gajiya, Baba," ya ce. "Wallahi akwai."

Allah Ka yalwata wa surukina makwancinsa, Ka yafe masa na farko da na ƙarshe, mu kuma Ka ba mu ikon faɗar gaskiya a ranar da take da tsada.